Shekarar da Na Zagi Baba Akwe

Na san abin da goggonninku suke gaya muku, wai kakanku da kansa ya miƙa ni ga masu wasan kwaikwayo, har ya sa mini albarka a bakin ƙofa. Labari ne mai daɗin ji, shi ya sa na daɗe ina ƙyale shi. Amma ba haka aka yi ba. Waɗanda suka ga abin da idonsu kullum raguwa suke yi, ni ma ido ya fara gajiya, don haka gara in rubuta muku shi tun ina iya ganin layi.

A shekarar da nake magana ina karatun aikin gona a Shabu. Kullum in hau mashin daga Lafia da safe, in dawo da la'asar da jar ƙasa a bakin zane. Ni yarinya ce marar magana. A aji idan malami ya kira sunana sai in sunkuyar da kai, ko da na san amsar, kuma yawanci na san ta. Abin da na iya shi ne rubutu. Kowane littafina da jan layi a ƙarƙashin kan magana, shafukan da lamba, ba na barin ko kusurwar takarda ta lanƙwashe. Mutum ɗaya ne a duniya nake sakin baki da shi, wato Baba Akwe, mutumin Keana, wan kakata ta wajen uwa. Shi ya riƙe innata bayan rasuwar mahaifinta, shi kuma ya aurar da ita ga babana. Tunda kakana ne akwai wasa tsakaninmu. Yakan kira ni uwargida, ya ce miyata ba ta da daɗi zai mayar da ni gidanmu, ni kuma in ce masa mijin banza mai haƙori huɗu, wanda ko tattasai bai taɓa kawo mini ba. Tun ina 'yar shekara biyar muke haka, kuma ba wanda ya taɓa cewa na yi rashin kunya, don tsakanin jika da kaka wannan ba laifi ba ne.

Baba Akwe ba shi da gona, ba shi da shago. Wasa ne sana'arsa. Yana cikin wata ƙungiya a Lafia ta mutum wajen ashirin, Alago da Eggon da Migili da Tibi da Gwandara, har da wani Bafillace mai busa sarewa, kuma dukansu da wasan suke ci da iyalinsu. Biki, makarantu, taron wayar da kai, duk inda aka kira su suna zuwa da ganguna da buhun kaya. Shugabarsu Madam Dooshima ce, tsohuwar mai rawa wadda ciwon gwiwa ya zaunar, mace mai ce wa kowa "kai", namiji da mace. Ba sa rubuta wasa. Madam ta ba da labari a gindin mangwaro a bayan wani tsohon sito, kowa ya ɗauki nasa, a tashi a yi. Matsalar ita ce wasan rabin awa yakan kai awa biyu idan Baba Akwe ya tashi da nishaɗi, har masu gayyata suka fara cewa sai an kawo musu wasan a rubuce kafin su yarda. Shi ne Baba ya ce yana da wata mata a gida wadda ba ta da aiki sai jan layi.

Babana, kakanku, tsohon duba-gari ne da ya yi ritaya, Bagwandaren Shabu, mutum mai sa wando da guga ko da ba inda za shi. Shi ma ba mai yawan magana ba ne, a wurinsa na gado. A ganinsa rubutu aikin ilimi ne, amma mutum ya tsaya gaban jama'a yana murguɗa baki don a yi dariya, wannan ba aikin 'yarsa ba ne. Da na gaya masa maganar yi musu rubutu, sai bayan kwana biyu ya kira ni.

"Ki rubuta musu duk abin da kike so, Asabe. Amma ƙafarki ba za ta hau dandamali ba. Faɗa da bakinki in ji."

"Na yi alkawari, Baba."

Ban taɓa yin alkawari mai sauƙi kamar wannan ba. A lokacin da za a ce in zaɓa tsakanin hawa dandamali da faɗawa rijiya, sai na tambayi zurfin rijiyar.

Bayan na rubuta musu tsofaffin wasanninsu guda uku, sai Madam ta ce in gwada nawa. Na ɗauko labarin daga dangin kakata, matan Keana masu kankare ƙasa su tace ta su dafa gishiri. Wani dillali ne yake sayen gishirinsu ya cakuɗa da farin yashi ya kai kasuwar Lafia, zargi ya koma kan matan, har a kama shi a kai gaban sarkin kasuwa. Baba Akwe ne dillalin. Sarkin kasuwa kuwa Tsaku ne, wani ƙaton Eggon mai faɗin ƙirji wanda muryarsa ba ta buƙatar lasifika. Zuciyar wasan ita ce shari'ar, inda sarkin kasuwa zai zazzage wa dillali zagi, shi kuma ya dinga kare kansa da ƙarya da marairaicewa. Na zauna sati uku ina tattara zagin da suke yi a wurin gwaji, na tace, na zaɓi goma sha bakwai, na jera su da lamba daga mai sanyi zuwa mai zafi. Wasan ya karɓu. Aka gayyace mu mu yi shi a babban taro a Lafia bayan girbi, daga nan mu wuce da shi Keana. Sunana yana jikin takardar, kuma shi ne abu na farko da na yi a duniya wanda ba malami ne zai duba shi ba.

Ana haka sai Tsaku ya auri Anti Ladi, 'yar Baba Akwe, wadda take ɗinka mana kayan wasa. Ƙungiya ta yi kwana biyu tana rawa a bikin, kuma a cikin mutum ashirin ba wanda ya yi tunanin komai, har ni mai lissafin shafi. Wasan farko bayan bikin a Shabu aka yi shi, a filin makarantarmu, da la'asar. Ina bayan labule da littafina ina tuna wa masu mantuwa. Tsaku ya hau kujera ya baza riga. Dogarawan kasuwa biyu suka jawo Baba Akwe suka durƙusar da shi a ƙasa. Tsaku ya buɗe baki, ya duba ƙasa, ya ga surukinsa a durƙushe a gabansa. Sai ya miƙe tsaye. Sai ya tuɓe takalmi. Na ɗauka mantuwa ce, na raɗa masa na ɗaya, tsohon banza mai wuyan zakara. Ya ji ni sarai, don na ga kunnensa ya motsa.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji shi. "An zo lafiya?"

Baba Akwe ya yi ƙoƙarin ceto wasan. Ya ce ranka ya daɗe, ni ne na zuba yashin, da hannuna, buhu uku.

"Ba komai, Baba. Yashin ma ai ana buƙatarsa."

Ya ɗora shi a kan kujerar sarkin kasuwa, shi ya tsuguna a gefe, ya wanke shi daga laifi, ya kuma umarci matan gishiri su ba shi haƙuri. Ɗalibai har da masu faɗuwa daga benci. Sauran fitowa uku da na rubuta suka zama ba su da dalili, don wanda za a kora daga kasuwa yana zaune ana yi masa fifita. Bayan an tashi Tsaku ya ce shi ya san wasa wasa ne, zai zagi kowa har gwamnan ƙarya, amma bakin da ya roƙi 'yar mutum da shi ba zai zagi mutumin ba. Wanda ya fi kowa fushi Baba Akwe ne. Ya ce shekara talatin ana zaginsa yana ciyar da gida, yanzu yaro ya ɗauke masa 'ya, ya dawo kuma zai ɗauke masa abinci.

Saura sati biyu taron Lafia. Cire Baba ba ya cikin magana, don shi mutane suke zuwa kallo. Madam ta fara gwada juya su, Baba ya zama sarkin kasuwa, Tsaku ya zama dillali. Kwana ɗaya aka yi. Baba ya ajiye goma sha bakwai ɗina ya ɗauko nasa, ya shiga maganar ɗakin da Tsaku ya kama a Azuba mai yoyo, da yadda bai iya yanka kaza ba, da minsharin da aka ba shi labari. Anti Ladi ta ajiye almakashi ta ce idan aka sake, kowa ya ɗinka wa kansa riga. Aka mayar da Baba dillali, aka gwada makaɗinmu a kujerar. Shi kuwa a zauren Baba ya kwana shekara biyu lokacin da ya zo Lafia ba shi da kowa, saboda haka kowane zagi sai ya bi shi da Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Aka gwada wani, shi kuma sai ya dinga zaɓen waɗanda bakinsa zai iya faɗa yana tsallake sauran. Duk ƙungiyar ba wanda bai ci tuwon gidan tsohon nan ba, ko bai koyi tsayuwa a dandamali a hannunsa ba. Da can Tsaku kaɗai ne ba a bin sa wannan kunyar, don daga wata ƙungiya ya zo da girmansa.

Tsallaken nan ne ya jawo mini. Na jure da ya tsallake na uku, amma da ya tashi daga na huɗu ya dira a na goma sai na ji kamar an yaga mini shafi. Ban san lokacin da na ɗaga murya daga gindin mangwaro na ce ba haka ba ne, na biyar ne yanzu, na kuma karanto shi yadda ya kamata a faɗe shi: kai da ko inuwarka ba ta yarda ta bi ka kasuwa. Baba Akwe ya waiwayo a durƙushe ya ce wa yake ji kamar uwargida, ashe an sake ta daga kicin. Na ce an sake ni in zo in ga tsohon da ya sayar wa uwarsa ruwan sama. Ya rama, na rama. Na manta da mutane, na ɗauka a tsakar gidanmu muke. Sai da muka kai na goma sha bakwai na lura makaɗi ya daina kiɗa, kowa ni yake kallo.

"Kai Asabe," in ji Madam, "ina ka ɓoye wannan baki?"

Nan take ta yanke. Ba sauran sarkin kasuwa, shugabar matan gishiri ce za ta yi shari'ar, kuma ni ce. Na ce ba zan iya ba, ta ce yanzu ta gani da idonta. Na ce na yi wa babana alkawari. Sai Baba Akwe ya kaɗe gwiwarsa ya ce in bar shi da ubana.

A nan ne nake so ku karanta a hankali. Na san abin da maganar take nufi. Abin da ya hana Tsaku zagi shi ne zai hana babana musu, don shi ma surukin Baba Akwe ne, a hannunsa ya karɓi innata. Da na so, da na ce a'a, in je in sami babana ni da shi in roƙe shi, ya yarda ko ya ƙi. Ban yi haka ba, don na san zai ƙi, kuma ina son wasana ya rayu. Ban tsaya a yin shiru ba ma. Ni na zaɓi ranar, Asabar da hantsi, lokacin da babana ba ya fita. Ni na ce kada a aika a sanar, don kada ya tuna yana da uzuri a Shabu. Ni na ce Baba Akwe ya ajiye wandon jins ɗin da yake yawo da shi ya sa babbar riga. Na tsara shi kamar yadda nake tsara fitowa ta ɗaya da ta biyu.

Haka kuwa aka yi. Babana yana kan kujerarsa yana sauraron rediyo, ya ji sallamar, ya sauko ƙasa da wandonsa mai guga ya tsuguna. Baba Akwe ya hau kujerar, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar kowa har kaji, sannan ya ce ya zo aron matarsa, za ta zage shi a gaban mutanen Lafia ranar kaza. Babana idonsa a ƙasa ya ce to, Baba. Baba ya ce daga nan za su wuce Keana. Ya ce to, Baba. Innata tana kicin tana daka turmin da na san ba komai a cikinsa. Ni ina ɗaki ina leƙe ta labule, kuma sau ɗaya babana ya ɗago kai, ba surukinsa ya duba ba, labulen ya duba.

Ranar taron na liƙa takardar zagin a cikin faifan da zan riƙe, duk da na haddace ta. Da na fito sai na ga kawuna har bakin ƙofa. Na ɗaya da na biyu ni kaɗai na ji su. Baba Akwe ya ɗago daga ƙasa ya kama kunne ya ce wai wannan ce shugabar, shi ya ɗauka sauro ne, ko a gida miyarta ta fi muryarta ƙarfi. Jama'a suka kwashe da dariya, ni kuma raina ya ɓaci da gaske, na daina ganin kowa sai shi. Daga na uku har ƙarshe ban duba faifan ba. Tsaku, wanda aka mayar dogari, yana riƙe da surukinsa da yatsa biyu yana kallon rufi. Wasan ya tafi daidai, minti arba'in, fitowa biyar, ba a tsallake komai ba.

Babana bai je ba, bai kuma tambaya ba. Wata biyu idan na gaishe shi sai ya ce lafiya, shi ke nan. Da can kullum sai ya tambaye ni abin da aka koya mana a Shabu, ya yi mini gardama a kan taki. Wannan ya tsaya. Bai yi faɗa ba, bai hana ni fita ba. Innata ta ce gidan ya koma kamar ɗakin jarrabawa, mutum biyu masu hali ɗaya kowa ya rufe takardarsa. An ɗaga tafiyar Keana har sau biyu, sai ana gobe za mu tafi, ina zaune a tabarma da safe ina sake kwafe wasan, na ga inuwarsa a kan takardar.

"Kin san ba zan iya ce masa a'a ba."

"Na sani, Baba."

"To kada ki taɓa cewa na ba ki izini. Ƙwata kika yi."

Na fara kuka, na ce na yi alkawari daga Keana ba zan sake ba. Ya ce in bar alkawari, in yi abin da zan yi kawai. Tun daga ranar har ya bar duniya bai sake karɓar alkawari daga bakina ba, ko na cewa zan zo da Sallah. Da na fara sai ya ɗaga hannu ya ce bar shi. Na gama karatun gona, ban taɓa yin aikin ba, na yi shekara ashirin da wani abu a kan dandamali, an tafa mini a garuruwan da ban san sunansu ba da can. Ɗaga hannun nan bai taɓa daina yi mini ciwo ba.

Amma ranar bai tafi ba. Ya sa tabarau ya ɗauki takardar zagin ya karanta ta daga sama har ƙasa, da fuskar da yake duba kwata da ita lokacin yana aiki. Ya ce na goma sha ɗaya ba shi da ƙarfi. Sannan ya zauna a bakin tabarmar, ya waiwaya ya tabbata innata ba ta kusa, ya ce bayan aurensu da sati biyu Baba Akwe ya zo ya ari takalminsa na angonci, baƙar fata, wanda ya je har Jos ya saya, wai zai yi wasan wani babban ma'aikaci. Bayan wata uku ya aiko da ƙafa ɗaya. Ɗayar kuwa, an ba shi labari, ita yake sawa da silifa idan zai fito a mahaukaci. Shekara ashirin da huɗu yana gaishe shi a tsugune bai iya tambaya ba.

"Ba cewa na yi ki saka ba," in ji shi da ya miƙe. "Ina dai gaya miki na sha ɗaya ba shi da ƙarfi."

A Keana a fili aka yi wasan, rana ta yi sanyi, dangin Baba sun cika wurin, matan gishiri na gaske a sahun gaba da jikokinsu a cinya. Muka taho har na goma. Da na zo na sha ɗaya sai na nuna shi da faifai na ce kai mai aron takalmin ango ka mayar da ƙafa ɗaya. Baba Akwe ya buɗe baki zai rama kamar kullum, sai ya tsaya. Makaɗi ya ce mini daga baya tun da yake tare da shi bai taɓa ganin an rufe masa baki ba sai ranar. Ya dube ni, ya dubi jama'a sahu sahu kamar mai neman wani, ya sosa ƙeya.

"Ki gaya wa mai takalmin," in ji shi, "ƙafar da na riƙe ma matse ni take yi."

Matan suka yi ta dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Da na dawo Lafia na sami babana yana ba kaji dusa, na isar da saƙon kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ci gaba da watsa dusar har ta ƙare, ya kakkaɓe hannu, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

"Ai dole. Lamba bakwai nake sawa, shi ƙafarsa tara ce. Na gaya masa tun ranar da ya zo aro, amma a zuciya."